Za a Yanka Gonakin Bayan Unguwarmu a Gina Rukunin Gidaje: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ke zaune a gefen Kano, Kaduna, Katsina ko Abuja ya san yadda abin yake farawa. Wata safiya a ga safiyo da na'urarsa mai ƙafa uku a tsakiyar gonar da aka girbe gero bara, bayan mako biyu a ga an binne duwatsun siminti a kusurwoyi, kafin damina kuma gireda ta shigo. Jama'a na buƙatar muhalli, garuruwanmu kuma dole su faɗaɗa, babu mai musun wannan. Abin da ke damunmu shi ne a gina gida ɗari bakwai, riba ta bi mai aikin, a bar wa tsohuwar unguwa ruwan sama da cunkoso da ƙarancin wuta. Ana iya kauce wa haka, kuma lokacin da maganar maƙwabta ta fi nauyi shi ne sa'ad da aikin yake kan takarda.

Me ake nufi da canza manufar fili?

Duk filin da gwamnati ta ba da takardarsa, an rubuta abin da aka ba da shi dominsa: noma, gidan zama, kasuwanci, masana'anta, makaranta, ko fili na amfanin jama'a. Wannan manufa tana cikin takardar mallaka, wadda aka fi sani da C of O, tana kuma cikin taswirar da hukumar tsara gari ke aiki da ita. Wanda ke son ya mai da gonar hekta 30 gidaje sai ya nemi a canza wannan rubutu. Haka ma wanda ya rushe gida ɗaya a tsohuwar GRA zai dasa benaye shida a gurbinsa. Shi har yanzu gidan zama yake ginawa, amma yawan mutanen da filin zai ɗauka ya ninka sau da yawa, don haka shi ma sai da izini.

Mallakar fili daban, izinin abin da za a yi a kansa daban. Mutum na iya riƙe da takardar mallaka ta gaskiya, ginin da yake yi kuma ya zama ba a kan ƙa'ida yake ba.

Wa ke da ikon yin wannan canji? Mai unguwa da hakimi suna da ta cewa?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashenta na 1, ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A Arewa wannan ba baƙon tsari ba ne, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta bi wannan turba. Ƙasar cikin birni gwamna ke iko da ita. Ta karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama na gargajiya a kanta, sai dai gwamna ne ke ayyana inda iyakar birni ta tsaya, kuma yana iya ba da takardarsa a ko'ina cikin jihar.

A 2003, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta ce tsara birane hurumin jihohi ne. Shi ya sa ƙa'ida da kuɗin da ake biya suka bambanta daga jiha zuwa jiha. A Kano, takardun ƙasa suna wajen ma'aikatar ƙasa da hukumar bayanan filaye, KANGIS, taswira da izinin gini kuma wajen hukumar tsara birane, KNUPDA. A Kaduna takwarorinsu su ne KADGIS da KASUPDA. A Abuja ministan Babban Birnin Tarayya ne ke tsaye a matsayin gwamna, AGIS na riƙe da bayanan filaye, sashen kula da gine-gine kuma ke ba da izini.

Mai unguwa, dagaci da hakimi su suka san iyakar gona da tarihinta, shaidarsu kuma tana da nauyi a ofis da kotu. Amma sa hannunsu da hatiminsu ba sa mai da gona unguwa.

Waɗanne matakai mai aikin ya kamata ya bi?

Sunayen ofisoshi na canzawa, amma jerin kusan ɗaya ne. Da farko ya tabbatar da mallakarsa; idan saye ya yi, sashe na 22 na dokar ya ce sai da amincewar gwamna cinikin fili mai takarda yake zama. Sai safiyo mai rajista ya auna, ya fitar da taswirar iyaka da ta gangaren ƙasa, wadda ke nuna inda ruwa ke bi. Sai ƙwararren mai tsara gari ya zana fulotai, tituna, magudanai da filayen jama'a, ya haɗa da rahoton nazarin wurin da kewayensa. Da waɗannan ake neman canjin manufa da amincewa da taswirar. Jami'ai su zo su duba wurin, kwamiti ya zauna, a rubuta wa gwamna ko kwamishina shawara, a biya kuɗin da aka yanka. Bayan haka ne ake neman izinin gini, tare da zanen gidajen da na injiniya.

Inda ake yawan tsallakewa wuri biyu ne: taswirar gangaren ƙasa, da kai ziyara wurin. Idan aka zana fulotai a ofis ba tare da an taka filin ba, sai ka tarar da fuloti a tsakiyar hanyar ruwa.

Filin awon igiya ne. Shi ma haka za a bi?

Nan ne matsala ta fi yawa. A awon gwamnati akwai taswira mai lamba, wadda a Kano takan fara da TP, kuma ana iya zuwa ofis a nemi ganinta. A awon igiya kuwa mai gona ne ko wanda ya saya daga hannunsa zai kira dillalai da mai awo, a yanka hamsin-hamsin, a bar lungu na ƙafa goma ko goma sha biyu, a sayar. Babu filin makaranta, babu na asibiti, babu hanyar ruwa, domin a lissafin mai yankawa duk taƙin da bai zama fuloti ba asara ne.

Mutane da yawa ba su san cewa sashe na 36 na dokar 1978 ya hana yanka gonar karkara irin ta gado zuwa fulotai ba, ya kuma sa tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Ba kasafai ake aiki da wannan sashe ba, unguwanni da yawa kuma da awon igiya suka kafu, domin shi talaka ke iya saye. Ba ma zargin wanda ya saya don ya rufa wa iyalinsa asiri. Amma idan gonar da za a yanka babba ce kuma tana saman unguwarku, ku sanar da hukumar tsara gari a rubuce tun kafin a sayar da fuloti na farko. Da zarar mutum hamsin sun biya kuɗinsu, ba da mai gona kaɗai za ku yi magana ba, da mutum hamsin ne, kowannensu da takardar cinikinsa.

Doka ta wajabta a ji ta bakin maƙwabta?

A babban aiki, e. Dokar nazarin tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta sa rukunin gidajen da ya kai hekta 50 ko fiye cikin ayyukan da dole a yi musu cikakken nazari kafin a fara. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ke kula da wannan. Ana baje rahoton na kwanakin aiki 21, galibi a ma'aikatar muhalli ta jiha da sakatariyar ƙaramar hukuma, a sanar a jarida da rediyo, kuma kowa na iya zuwa ya karanta ya rubuta ra'ayinsa. Ku je ku karanta. Ku duba ko an ambaci sunan unguwarku, ko an nuna inda ruwan zai fita, ko mutanen da aka ce an tuntuɓa 'yan wurin ne da gaske.

Ku lura da wata dabara: a raba filin hekta 80 gida biyu ko uku, a kira su kashi na ɗaya da na biyu, kowanne ƙasa da hekta 50. Idan mai shi ɗaya ne kuma filayen a manne suke, ku faɗi haka a takardarku, ku nemi a auna tasirinsu a haɗe.

A ƙaramin aiki abin ya dogara da dokar jiha da halin jami'an da ke kan kujera. Ko babu wanda ya gayyace ku, babu dokar da ta hana ku rubuta ƙorafi, kuma takardar da aka buga wa hatimin karɓa ta shiga fayil ke nan.

Me ya sa kuke ta nanata maganar ruwan sama? Ba magudana ce kawai za a yi ba?

Domin shi ne abin da ya fi rushe gidajen maƙwabta, kuma lissafinsa ba ya ƙarya. Ruwan milimita 50, wanda hadari ɗaya mai ƙarfi a watan Agusta kan iya saukewa, idan ya zuba a kan hekta ɗaya lita 500,000 ne. A hekta 50, lita miliyan 25. Gonar jigawa tana shanye mafi yawansa, abin da ke gangarewa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, wato lita miliyan 5. Idan aka rufe wurin da kwano da daɓen siminti da kwalta, abin da ke gangarewa yakan kai kashi uku cikin biyar ko fiye, wato lita miliyan 15. Bambancin lita miliyan 10 ne, kwatankwacin tankar mai 300 masu cin lita 33,000. Kuma a da ruwan yana tafiya a hankali tsakanin kunyoyi da ciyawa, yanzu a kan siminti yake gudu, ya iso gaba ɗaya cikin ɗan lokaci.

Ga yadda abin yake kasancewa a ƙasa. Mai aikin ya gina magudana mai kyau a cikin rukuninsa, ya kewaye da katanga, ya bar rami ɗaya a kusurwar da ta fi gangare. Daga wannan rami ruwan ke fitowa ya faɗa kwatar lungun tsohuwar unguwa, wadda faɗinta bai fi taƙi biyu ba. Daren ruwan farko mai ƙarfi, sai ka ga magidanci da cocila a baki yana jera buhunan yashi a ƙofar zaure, matarsa na ɗora katifa a kan durowa, gindin katangar ƙasa kuma ya jiƙe har gwiwa. Rukunin a bushe yake, don haka mai aikin zai ce magudanarsa tana aiki.

Saboda haka tambayar da za ku yi ita ce: ina ruwan zai ƙare? Ku nemi a nuna muku a taswira tun daga rukunin har zuwa rafi ko babbar magudanar da za ta karɓe shi, da girman kowace kwalbati a hanya. Idan a cikin filin akwai kududdufi ko fadama, ku dage a bar shi ko a yi wani ramin tara ruwa a madadinsa. Cike kududdufai da shara a yi gini a kansu na cikin abin da ya ƙara wa birnin Kano ambaliya. A Abuja, Lokogoma ta sha fama da ruwa shekara da shekaru, rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe kuma ruwa ya mamaye shi a watan Yunin 2023 har hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Gidaje ne na zamani masu tsada, ruwa bai duba wannan ba.

Rijiyoyinmu za su ƙafe?

Suna iya ja baya. Fulotin ƙafa 50 a 100 murabba'in mita 465 ne. Hekta ɗaya za ta ba da 21, amma idan aka cire kashi ɗaya cikin uku na tituna da filayen jama'a, saura wajen 14. Hekta 50 ke nan fuloti 700. A sa mutum bakwai a kowane gida, an sami 4,900. Ko a kan lita 50 ga kowane mutum, wadda ita ce ƙasan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ganin ya wadatar, ana buƙatar lita 245,000 kullum, jarka 9,800 mai cin lita 25. Idan babu famfo, daga ƙarƙashin ƙasa za a jawo shi duka.

A yankunan da ƙarƙashinsu dutse ne, kamar yawancin Kano da Kaduna da Abuja, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da tsagogi ne, ba shi da yawa. Burtsatse ɗari bakwai, kowa da tasa, su ne mafi muni. 'Yan kaɗan da masanin ruwan ƙasa ya zaɓa musu wuri, da babban tanki da bututu zuwa gidaje, sun fi sauƙi ga kowa. Kafin a fara aiki, ku auna zurfin ruwa a rijiyoyi uku ko huɗu na unguwa a watan Afrilu, ku rubuta da kwanan wata da shaidu. Ba tare da wannan ba, babu yadda za ku nuna cewa ruwan ya ragu.

Sai masai. A bar aƙalla mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, kuma kada sokawen ya kasance ta saman gangare. Ku duba jerin fulotan da ke manne da katangunku na baya, domin a nan ake haƙa su.

Hanya da wutar lantarki fa?

Ko rabin gidajen nan 700 ne ke da mota, an sami 350, ban da babura da adaidaita sahu da motocin makaranta, kuma duk tsakanin bakwai da takwas na safe za su fito. Idan ƙofar rukunin ɗaya ce kuma ta cikin layinku ta biyo, layin ya zama babban titi ba tare da an faɗaɗa shi ba. Ku nemi ƙofa biyu ko fiye, babbar ta fita kai tsaye zuwa babban titi. Masu tsara gari sun saba ware mita 9 zuwa 12 ga titin cikin unguwa, wanda ke tara motocin layuka kuma ya fi haka.

Ku kuma duba tsofaffin hanyoyin da kuke bi zuwa gona, maƙabarta ko makaranta. Katanga ɗaya na iya mai da tafiyar minti biyar ta zama ta rabin awa.

A wuta, ƙa'idar mai sauƙi ce: kada a jona rukunin da taransifomarku. Ko a kan kVA 2 (ma'aunin ƙarfin taransifoma) ga kowane gida, gida 700 na buƙatar kVA 1,400, kusan taransifoma uku masu 500. Mai aikin ya kawo nasa, da amincewar kamfanin rarraba wuta, KEDCO ne ko Kaduna Electric ko AEDC. Idan babbar wayar wuta ta ratsa filin, ba a gini a ƙarƙashinta: layin kV 330 ana bar masa faɗin mita 50, na 132 mita 30, na 33 da na 11 kuma mita 11.

A taswira an nuna filin makaranta da asibiti. Wannan ya isa?

Bai isa ba. Waɗannan filaye su ake fara yankawa bayan shekara biyu ko uku, idan fulotai sun ƙare kuma farashi ya tashi. Ku sami kwafin taswirar da aka buga wa hatimi, ku nemi a kafa allo a kowane filin jama'a, a miƙa shi a rubuce ga hukumar da ta dace, kamar hukumar ilimin bai-ɗaya ko ƙaramar hukuma. Filin da aka dasa wa itatuwa, yara na buga ƙwallo a kai, ya fi wuyar sacewa a kan wanda aka bari ciyawa ta cinye.

Maƙabarta ake yawan mantawa. Mutum dubu biyar za su zo, kuma a taku za a riƙa binne mamatansu idan ba a ware wata ba. Idan burtali ko mashaya na cikin filin, ku shigo da ardo da makiyayan cikin maganar tun farko. Burtalin da aka toshe ba ya hana shanu tafiya, sai dai su bi ta gonakin da suka rage.

Benayensu za su riƙa leƙa tsakar gidajenmu. Akwai abin yi?

Akwai, kuma gyaransa a takarda ba ya cin kuɗi. Ku nemi jerin da ke iyaka da ku ya zama gidajen ƙasa, benaye su koma ciki. Idan dole sai bene, tagogin da ke fuskantarku a ɗaga su sama da tsayin mutum ko a sa gilashi mai duhu, baranda ta kalli titi, a kuma bar tazarar da ƙa'idar gini ta jihar ta yanka tsakanin gini da katanga. Malaman Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa ana toshe tagar da ke kallon iyalin maƙwabci, bisa hadisin da ya hana cuta da cutarwa. Wannan hujja takan yi tasiri a zaman sulhu gaban mai unguwa da liman fiye da lambar sashen doka.

Gonata na cikin filin, an ce gwamnati ta karɓa. Mene ne haƙƙina?

Sashe na 28 na dokar 1978 ya ba gwamna ikon soke mallaka saboda maslahar jama'a, tsara sabuwar unguwa kuma na cikin abin da dokar ta lissafa. Amma sai an ba ka sanarwa a rubuce, da sa hannun jami'in da aka ba izini. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isar da ita: a ba ka hannu da hannu, ko a kai gidanka, ko ta wasiƙa mai rajista, idan an rasa ka kuma a liƙa a wurin. Jin labari a bakin dillali ba sanarwa ba ce. Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance Corporation ta 1991, ta ƙi amincewa da a karɓe filin wani a ba wani don amfanin kansa. Idan kamfani mai zaman kansa ne zai ci moriyar, lauya ya duba takardun da kyau, domin kotuna sun taɓa amincewa da wasu ayyukan haɗin gwiwa da gwamnati.

Maganar diyya ita ce mai ɗaci. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasar kanta kamar yadda take a kasuwa. Gini ake biya, a kan kuɗin sake gina shi bayan an cire tsufansa, sai amfanin gona da itatuwa a kan farashin da hukuma ta yanka. Don haka ranar ƙirga ka kasance a gonar da kanka. A lissafa kowane mangwaro, ɗorawa, kuka, rijiya da shinge, ka ɗauki hoto, ka karɓi kwafi. Kana iya ɗaukar mai ƙiyasta kadara mai rajista ya tsaya maka. A Kano an yi tsarin da ake kira kashi-mu-raba, inda ake ba masu gona wani kaso na fulotan. Idan irinsa aka yi muku alkawari, a rubuta lambobin fulotan, kada a tsaya a kan adadi kawai, kada kuma ka sayar da takardar rabonka da arha ranar da aka ba ka. Idan gonar gado ce, magada duka, har mata, su san abin da ake ciki kafin wani ya sa hannu.

Ina da haƙƙin shuf'a tunda gonata ce ke iyaka da wadda aka sayar?

A mazhabar Malikiyya shuf'a, wato haƙƙin karɓar kadarar da aka sayar wa wani a kan kuɗin da ya biya, ta abokin tarayya ce a kadarar da ba a raba ba, kamar magadan da gonarsu ke haɗe. Maƙwabtaka kaɗai ba ta ba da ita. Hanafiyya ce ta ba maƙwabci.

Yaya za mu rubuta ƙorafin da za a saurara?

Takardar da ta ce “ba mu yarda ba” kawai, da sa hannu ɗari biyu, ana karɓa a ajiye. Wadda ke aiki ita ce mai suna da lamba. A rubuta ta ga shugaban hukumar tsara gari, da sunan ƙungiyar unguwa, a ba da kwafi ga ma'aikatar ƙasa, ta muhalli, shugaban ƙaramar hukuma, hakimi da ɗan majalisar jiha. A faɗi inda filin yake da lambar taswira idan an sani. Sai damuwa uku ko huɗu, kowacce da hujjarta: faɗin kwatar da ruwan zai shiga, hoton inda ruwa ya tsaya bara, yawan gidajen da ke kan taransifoma. A ƙarƙashin kowacce a rubuta gyaran da ake nema. A ƙarshe a nemi jami'ai su zo duba wurin tare da wakilanku, a kuma nemi ganin taswirar da izinin. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan buƙata. Ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Ku fara da mai unguwa, ko da kuna zargin da saninsa aka yi. “Ranka ya daɗe, mun zo ne a taimaka mana a ga takardar, kada ruwa ya ci mu da damina” ta fi buɗe ƙofa a kan zargi a bainar jama'a. Wakilai su zama uku zuwa biyar, kuma a yi yarjejeniya tun farko cewa babu wanda zai karɓi fuloti ko kyauta shi kaɗai. Ta nan ake wargaza yawancin kwamitoci. Kada kuma matasa su tuge duwatsun awo ko su tare gireda. Laifi ne, kuma zai mai da maganar magudana ta koma maganar beli.

Idan an cimma matsaya, a nemi hukuma ta sa sharuɗɗan cikin takardar izini, da jerin aiki: magudana da kwalbati da titi kafin gida na farko. Tun ran gini tun ran zane. Alkawarin baki a wajen taro yakan bi iska da zarar an sayar da fulotai.

Idan duk wannan bai yi ba, sai kotu?

Shari'ar fili mai takardar gwamna Babbar Kotun Jiha ke sauraro, kamar yadda sashe na 39 na dokar 1978 ya tanada. Maƙwabta na da damar shigar da ƙara a kan cutarwar da ta shafi unguwa. A 1991, a shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport, mazauna wani rukunin gidaje a Isolo ta Legas sun kai ƙara a kan tireloli da ke toshe musu hanya, Kotun Ƙoli kuma ta ce ba sai sun nemi izinin babban lauyan gwamnati ba. Abin da za a fara nema shi ne umarnin dakatar da aiki, kuma alƙali ya fi saurin ba da shi a kan fili fiye da kan gidajen da aka riga aka rufa.

Lokaci na da muhimmanci. Dokar kare jami'an gwamnati ta sa wa'adin wata uku ga ƙarar da ta shafi aikin jami'i, kuma ko da yake akwai togaciya, kada ku dogara da ita. Dokokin hukumomi da yawa suna kuma neman a ba su sanarwa kafin ƙara, galibi ta wata ɗaya. Wanda ba shi da halin lauya ya gwada Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ba a biyan kuɗi.

Darajar gidana za ta hau ko za ta faɗi?

Idan rukunin ya zo da titi da wuta, takan hau, haya ma ta bi ta, abin da ke daɗi ga mai gida ya kuma matse ɗan haya. Gidan da ruwan rukunin ke kwanciya a ƙofarsa kuwa faɗuwa yake yi, ko da na layin gaba na tashi.

Ni saye nake son yi a cikin rukunin. Tunda akwai izini, ba ni da fargaba ko?

Ka duba wane irin fili ne kafin a canza shi. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a tsohon otal ɗin Daula da Filin Idi da wasu wurare, tana cewa filayen jama'a ne da aka raba ba bisa ƙa'ida ba, alhali masu su na cewa da takardun gwamnatin da ta gabata suka gina. Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa 'yan kasuwar Filin Idi diyyar naira biliyan 30, amma shagunan sun riga sun zama ɓaraguzai. Filin makaranta, maƙabarta, badala, hanyar ruwa ko ƙarƙashin babbar waya, ko da takarda, haɗarinsa na nan. Ka kai lambar fayil ofishin ƙasa a yi maka bincike a rubuce, ka ga taswirar da aka amince da ita da idonka, ka tabbatar lambar fulotinka na ciki. Ka kuma je wurin da damina, washegarin ruwa mai ƙarfi, ka tambayi mutanen tsohuwar unguwa inda yake bi.

Bayan mai aikin ya sayar ya tafi, wa zai kula da magudanai da tituna?

Idan ba a rubuta ba, babu kowa. Ƙaramar hukuma za ta ce rukunin na 'yan kasuwa ne, mai aikin ya ce ya miƙa, mazauna kuma su share ƙofar gidajensu kawai. Tun a takardar izini a faɗi wanda zai karɓa, ƙungiyar mazauna ce ko hukuma, da ranar miƙawa, da zanen magudanan kamar yadda aka gina su a zahiri. A sa har da ɓangaren da ke wajen katanga, domin shi ne ya ratsa ta unguwarku. Ramukan da tifofi suka ɗebi ƙasa a cike su kafin 'yan kwangila su kwashe kayansu, saboda da damina suna cika su zama tarkon yara. Yashe magudana kuma a sa masa lokaci a rubuce, sau biyu a shekara: a watan Mayu kafin damina ta kankama, da ƙarshen Yuli kafin na Agusta.